Ƙanƙarar zoɓo: a ajiye zoɓon tun yanzu, firigo kuwa a dakata

  

A fitowar da ta wuce mun yi alkawarin za mu yi maganar kiwon ragunan Layya. A yi mana haƙuri, ragunan su jira. Mako uku ke nan a jere, duk zaman da muka yi a nan Dungas sai an tayar da magana guda: idan an fasa asusu bana, a haɗa kuɗi a sayi firigo, ƙungiya ta shiga sana'ar ƙanƙara. Mun ji labarin ƴan'uwanmu na Malawa da Guci ma suna wannan shawara. Tunda abin ya kai ga kuɗin rabo, wanda guminmu ne na shekara guda, ya kamata a baje shi a faifai.

Wata za ta ce, ana shirin shiga hunturu, wa ke maganar ƙanƙara? Ai ba a fafe gora ranar tafiya. Ribar ƙanƙarar da za a sayar a bazara, yanzu ake cin ta ko a rasa ta, lokacin da zoɓo ke shanye a kowane tsakar gida.

Yakuwa dai ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ita muke shukawa a iyakar gona da bayan ɗaki. Ganyenta ya shiga miya da kwaɗo, ƴaƴanta mu yi daddawar batso, jan ɓawon nan kuwa shi ne zoɓo. Abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba shi ne irin tafiyar da wannan ɓawo ke yi bayan ya bar hannunmu. Ƴan kasuwa na bin ƙauyuka suna saye a araha lokacin kaka. Maƙwabtanmu na Jigawa suna cikin manyan masu noman zoɓo a Najeriya, kuma daga Kano ake cika manyan motoci da shi, a kai bakin teku, a tura har ƙasar Meziko, inda suke shan sa kamar yadda muke sha. A Sanigal sunansa bisap, a Sudan da Masar karkade. Wata malama da ta yi karatu a Faransa ta taɓa ba mu labarin wani tsiro na lambunsu mai jan kara da tsami, rubarb, wanda suke dafawa da sukari su haɗa da madara su daskarar. Ta ce sai ƙasa mai sanyi yake yi, ba zai rayu a nan ba. Muka ce mata, Malama, ai ba mu yi rashi ba, ga namu nan a bayan ɗaki, ba ya neman ban-ruwa.

To, abin haushin shi ne mu sayar da tiya a kaka a kuɗin gishiri, mu dawo a watan Afrilu mu saye ta da tsada don mu yi ƙanƙara. Za mu zo ga lissafin. Amma bari mu fara da abin da ya faru da ɗaya daga cikinmu, da izininta muke faɗa, ba kuwa za mu ambaci suna ba.

Ana gobe azumin da ya wuce ta ɗauki bashin jika 15 a akwati. Ta sayi sukari da leda da zoɓo, ta yi ciniki da wani mai firigo a gari, tana kai masa da dare ta ɗauko bayan la'asar. Makon farko abin ba a cewa komai. Kafin a kira magariba kularta ta ƙare, har ana rige-rige. Da ta ga haka sai ta ninka, daga ƙulli ɗari da ɗoriya ta koma ɗari uku. Tukunyarta kuwa ba ta ƙaru ba, itacenta ma bai ƙaru ba. Sai ta riƙa dafa zoɓon da kauri, ta tsinka shi da ruwan randa wanda ba a tafasa ba. Ranar goma sha ɗaya ga wata wuta ta ɗauke tun tsakar dare, ba ta dawo ba sai washegari da yamma. Da ta je, ƙullin nan ɗari uku duk sun narke, sun kwana sun wuni cikin zafi. Ta tsaya tana kallon jika bakwai da rabi sun zama ruwa. Ta ce a mayar su sake daskarewa. Ranar da ta sayar da su, cikin dare yara huɗu a unguwa suka kama zawo, ɗaya sai da aka kai shi gidan likita aka yi masa ƙarin ruwa. Allah ya kiyaye, duk sun tashi. Amma daga ranar ko kyauta ta bayar ba mai karɓa, har ƙosan da take yi da safe sai da ya daina fita.

Ranar zubi ta zo ta zauna a gefe, ta kasa ɗaga kai. Tsohuwar da ta fi mu shekaru duka ce ta fara magana. Ta ce, "Ɗiyata, ɗago ki dube ni. Wace ce a nan za ta ga jika bakwai a ƙasa ta zubar da hannunta ba ta yi tunani biyu ba?" Ba wadda ta amsa. Ita kuwa ta ce, "Inna, wallahi ban san ƙanƙara na ɗaukar cuta ba. Na ɗauka sanyin na kashe komai." Muka dubi juna, don fiye da rabinmu haka muka ɗauka. Aka ƙara mata wata biyu ba tare da tara ba, ta kuwa biya har dala ta ƙarshe da kuɗin akuyarta.

Saboda haka a karanta wannan wuri sau biyu a wajen zubi. Sanyi ba ya kashe ƙwayar cuta, kwantar da ita kawai yake yi. Da zarar ƙanƙara ta narke a bakin yaro, ta farka. Ruwan da ba za ki ba jaririnki ba, kada ki daskarar da shi ki sayar wa ɗan wata. Kuma abin da ya narke ya wuni cikin zafi, ga sukari a ciki, ya riga ya fara lalacewa ko da harshe bai ji ba. Ba mu manta da damanar 2021 ba, da amai da zawo ya shiga jihohin Maraɗi da Damagaram, kuma kowa ya ji masu aikin lafiya suna nanata cewa ta ruwa da hannu yake bi.

Yanzu ga yadda muke yi, bayan mun ɓata sau da yawa.

Tun daga shanya ake farawa. A shanya zoɓo a kan tabarma ko buhu, ba a ƙasa ba, sai ya bushe ƙarau, in an matsa a ji yana karyewa. A zuba a buhu mai tsabta a ɗora kan dutse ko katako, nesa da randa. In ya ji danshi zai yi fumfuna, wanda ya yi fumfuna kuwa sai dai a zubar. Mai duhun ja ya fi ba da kala, mai haske ya fi tsami, mu muna haɗa su.

Ga tiya guda ta busasshen zoɓo muna sa ruwa lita 10. A tsince shi, a ɗauraye da sauri don yashi ya fita, kada a jiƙa, in ba haka ba kalar za ta bi ruwan wanki. Ruwan nan lita goma duka za a tafasa, ba rabi ba, tare da ƴar citta da kanumfari da aka daddaka. In ya tafasa sosai a zuba zoɓon, ya yi kamar minti biyar, a sauke. Kada a bar shi ya kwana cikin tukunyar dalma ko ta baƙin ƙarfe, tsaminsa na cin tukunya, ya fito da ɗanɗanon ƙarfe, kalar ta dushe. A juye a babban kwanon silba a rufe. Na'a-na'a a ƙarshe ake jefa ta, bayan an sauke, in aka dafa ta ƙamshin ya tafi. Bayan awa guda a tace da ƙyallen da aka tafasa, wanda ba a yin komai da shi sai wannan aiki.

Akwai masu jefa kanwa don ta kashe tsami su rage sukari. Mun gwada. Tsamin na raguwa, gaskiya ne, amma jan nan mai kyau sai ya koma baƙi-baƙi kamar ruwan rini, yaro kuwa da ido yake saye. Mun daina.

Sukari kilo ɗaya da rabi, a zuba tun da sauran ɗumi don ya narke. In kin ɗanɗana za ki ji kamar ya yi yawa, to haka ake so, don harshe ba ya jin zaƙi sosai a abu mai sanyi. Amma kada a wuce haka. Sukari na hana ruwa daskarewa da wuri. Wadda ta zuba kilo uku za ta je ta tarar da ƙullinta ya yi lugub, gefe ya kama tsakiya ruwa, kafin a kai kasuwa ya narke. Wadda kuma ta yi ƙwauro za ta samu dutse, yaro ya tsotse jan ya bar farar ƙanƙara a leda, gobe ba zai dawo ba. Ƙwayar zaƙin nan da ake sayarwa a shago, da garin kala, mu dai ba ma sawa. Suna rage kuɗi, amma suna barin ɗaci a maƙogwaro, kuma ƙanƙarar na yin tauri tunda ba sukarin da zai tausasa ta. Mai zoɓo a bayan ɗaki me za ta yi da kalar kanti?

Sai ya huce sarai ake ƙullawa. In aka kai da ɗumi, firigon zai wahala, ya narkar da kayan wasu, mai shi ya kore ki. Wajen ƙullin nan ne aka fi yin ɓarna. Mu faɗa wa juna gaskiya: wace ce a cikinmu ba ta taɓa hura leda da baki don ta buɗe ba? Wace ce ba ta taɓa datse bakin ƙulli da haƙori ba? A daina. A wanke hannu da sabulu, a murza bakin ledar da yatsu za ta buɗe, a zuba da mazurari, a yanke da almakashi. Mai goyo in ta tsaya ta gyara yaro, ta sake wanke hannu kafin ta dawo. Ma'auninmu ɗan kofin shayi ne, ɗaya ga kowane ƙulli, kada a cika ledar tam don ruwa na kumbura in ya daskare. Da wannan ma'auni, lita 10 na ba mu ƙulli 130.

Ga lissafin daga kayen sakatariyarmu, na bazarar da ta wuce. Da dala za mu yi shi yadda muka saba, kowace ƙungiya ta gyara da farashin garinsu, masu ciniki da naira kuma su juya. Zoɓo tiya guda, wanda aka saya tun kaka, dala 80. Sukari jika guda da dala 20. Leda dala 40, citta da kanumfari da na'a-na'a dala 30, itace dala 30, mai firigo dala 80. An kashe jika 2 da dala 80 ke nan. Ƙulli 130 a kan dala biyar-biyar sun kama jika 3 da dala 50. Saura dala 170. Amma ba a taɓa sayar da 130 cif ba. Wani ya fashe, wani ya narke, ga yaran gida, ga ɗan maƙwabciya da ba a iya hana shi. A cire goma, dala 50. Abin da ya rage a hannu dala 120, wato sefa 600.

Yanzu ku duba nan. Wadda ba ta ajiye zoɓo ba, ta saye shi a Afrilu jika guda tiya, ta ƙara dala 120 a kan kuɗin kaya. Ribarta nawa? Babu. Ta sha hayaƙi, ta yi ƙulli har yatsunta suka yi ja, ta yi wa mai sukari da mai firigo aiki kyauta. Da yawa a cikinmu haka muka yi ba mu sani ba, don kuɗi na shigowa kullum da yamma, sai mu ɗauka riba ce. Wadda kuwa zoɓon na gonarta ne, ta tashi da jika guda cur a kowace tukunya. Shi ya sa muke cewa bashin da ya fi dacewa a ɗauka a wannan wata shi ne na sayen zoɓo a ajiye, ko kuma na biyan buƙatar da za ta sa ki sayar da naki yanzu.

Ba zoɓo kaɗai ba ne. Tsamiya na yi, haɗe da citta. Mangwaro na yi a lokacinsa, in an tace zaren. Amma wanda ya fi mu samun yabo shi ne na ƴaƴan kuka. Garin ƙwame ba a dafa shi, a jiƙa shi cikin ruwan da aka tafasa ya huce, a dama, a tace ƙwallon da zaren. Yana da kauri nasa na kansa, shi ya sa in ya daskare yake yin laushi kamar an sa madara, ga shi da bitamin C mai yawa, wanda zafin wuta ke lalatawa. Mutanen Sanigal sun daɗe suna daskarar da shi a leda suna sayarwa. Wadda ta iya kwalba da nono ta riga ta iya rabin aikin.

Wannan ya kawo mu ga mai madara, wanda yara ke gani a talabijin suna kira askirim. Mun yi shi a gida ranar sunan jikar ma'ajiyarmu, ba tare da firigo ba, kuma tun daga ranar ake tambayarmu sirrin. Ba wani sirri, gishiri ne.

Da farko, kada a zuba zoɓo cikin ɗanyar madara mai ɗumi, nan take za ta tsinke ta yi gudaji, tsami ne ke yin haka. Kindirmo ake so mai kauri, wanda aka tafasa madararsa kafin a kwantar. In ba ki tabbata an tafasa ba, sayi madarar ki tafasa ki kwantar da kanki. Sai a dafa zoɓo kaɗan da ruwa kaɗan da sukari mai yawa har ya yi kauri kamar zuma, a tace, a bar shi ya huce. Kindirmo kofi huɗu, zumar zoɓon kofi ɗaya, a burga da maburgi sosai har ya ɗauki iska. In aka ƙara cokali biyu na tataccen garin ƙwame ya fi laushi. Kalar za ta fito ja-ja mai haske, abin sha'awa.

A zuba a ƙaramin kwanon silba mai murfi, rabinsa kawai. A samo ƙanƙarar dutse a farfasa, a jera a bokiti, ana yi ana barbaɗa gishiri, kamar kashi uku na ƙanƙara kashi ɗaya na gishiri. A binne kwanon a tsakiya har wuya, a lulluɓe bokitin da buhu, a zauna a inuwa ana jujjuya kwanon da hannu. Duk bayan minti biyar a goge murfin, a buɗe, a kankare abin da ya kama a gefe a mayar tsakiya. Cikin rabin awa ko fiye kaɗan zai haɗe. Dalili kuwa, ƙanƙara ita kaɗai sanyinta bai isa ya daskarar da abu mai sukari ba, amma in ta haɗu da gishiri tana narkewa ta ba da ruwan da ya fi ta sanyi nesa, har kusan digiri 20 ƙasa da sifiri. Juyawar ce ke hana shi zama dutse. Ba sabon abu ba ne. Tun kafin a ƙera firigo mutanen Indiya ke yin nasu haka cikin tukunyar ƙasa, kuma a 1843 wata mata a Amurka, Nancy Johnson, ta yi rajistar wani bokiti mai hannun juyawa da ke wannan aiki. Mace ce, a lura. Gishirin ba sai mai kyau ba, ko kantun Bilma da ake ba dabbobi in an daka yana yi, tunda ba ya shiga cikin abin sha. A dai kula kada ruwan gishirin ya tsallaka cikin kwanon, kuma in an gama kada a zubar da shi a gindin shuka, zai ƙone ta.

Amma wannan na biki ne da na gida. Ba mu ba kowa shawarar ta ɗora shi a kai ta shiga rana ba. Abin madara ya fi na zoɓo saurin lalacewa, in an yi shi a shanye a lokacin.

To, sai maganar firigo. Mun san me ya sa zuciya ke son sa. Dala 80 da ake ba mai firigo kullum tana ciwo, ga wulaƙancin jira a ƙofar gidan wani, ga ranar da zai ce yau ba wuri don ya cika da ruwan sanyinsa. Kuma abin alfahari ne a ce ga na ƙungiya. Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, tare da ƙungiyar CARE, mata sun sayi abubuwan da suka fi firigo da kuɗin zubi, har tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da yawa na Afirka da wajenta. Ba mu ce ya fi ƙarfinmu ba.

Abin da muke cewa shi ne, ba bana ba. Ga dalilanmu.

Firigo ba ya aiki shi kaɗai. Mai amfani da wutar waya, ranar da ta ɗauke kayan mutum talatin ne za su narke a tare, ba na mace ɗaya ba. Kowa ya tuna abin da ya biyo bayan 26 ga Yulin 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take turo wa Nijar aka kuma rufe iyaka, yadda manyan garuruwa irin Damagaram da Maraɗi suka sha duhu, ba a ɗage takunkumin ba sai a Fabrairun 2024. Mai sola ya fi kwanciyar hankali, rana kam Allah ya ba mu, amma shi ba firigon kaɗai ake saye ba, akwai faifan rana, akwai batir, batir kuwa yana mutuwa bayan ƴan shekaru, sai an sake. In ya lalace wa zai gyara, a Magarya yake ko sai an kai Damagaram? A gidan wa za a ajiye? In maigidan ya ce zai sa ruwansa a ciki, wace ce za ta ce masa a'a? Ba mu ji an amsa ko ɗaya daga cikin waɗannan a zaman da muka yi ba.

Sai kuma wani abu da sakatariyarmu ta lura da shi, mu duk bai zo mana ba. Kasuwar da ta ruɗe mu kasuwar azumi ce. Azumin 2024 da na 2025 duk a cikin Maris suka kama, ga zafi ga ƙishirwa, kowa na neman sanyi da magariba. Amma azumi na matsowa baya da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara. Na 2026 a bayan tsakiyar Fabrairu, na 2027 farkon Fabrairu, daga nan sai Janairu, tsakiyar hunturu, lokacin da mai azumi kunu mai zafi yake nema. Shekaru masu zuwa ke nan azumi da bazara za su rabu. Bazara na nan, Afrilu da Mayu ba za su fasa zafi ba, amma wadda ta yi lissafin biyan kuɗin firigo da cinikin azumin bara ta yi lissafi a kan abin da ba zai dawo da wuri ba. Daga Nuwamba zuwa Janairu kuwa me firigon zai riƙa yi? Da damana ma ciniki na ja baya.

Shawararmu ita ce a yi bazara guda ana gwaji da firigon haya, amma a ƙungiyance. Maimakon mata shida kowace ta je ta roƙi wuri, shugaba da ma'ajiya su je su yi ciniki na wata, a gaban shaidu, a faɗi ƙulli nawa za a riƙa kawowa, a kuma faɗi tun farko wa zai ɗauki asara in kaya sun narke. A rubuta. Kowace rana sakatariya ta sa a kaye abin da aka kashe da abin da aka sayar da abin da ya lalace. In Allah ya kai mu rabon baɗi, kayen zai faɗa mana ko firigo zai iya biyan kansa. A cikin dokar da muka ƙara wa ƙungiyarmu kuma, duk wadda kayanta suka narke ta zubar a gaban mata biyu, za a ba ta rabin kuɗin kayan daga asusun taimako. Mun sa wannan ne don kada wata ta sake tsayawa ita kaɗai a gaban ƙulli ɗari uku tana shawara da zuciyarta.

Akwai waɗanda ba su yarda da mu ba, kuma suna da hujja. Mataimakiyar shugabarmu ta ce, "Yaya, kuɗin da ba a sa a abu ba, biki ne zai cinye shi. In aka raba, kafin sallah ba wadda za ta nuna dala." Gaskiya ta faɗa, mun sha gani. Ba mu da amsar da ta wuce cewa ƙungiya na iya ware wani abu daga rabon ta bar shi a akwati da sunan firigo, ya ci gaba da juyawa a bashi har baɗi. Za a kaɗa ƙuri'a a kan haka ranar zubi na biyu a wata mai kamawa, kowace ta zo da ra'ayinta.

Abu biyu kafin takarda ta cika. Leda: kowane ƙulli da aka shanye, ledarsa a ƙasa take ƙarewa, awakinmu su haɗiye, mu ga akuya na ci tana ramewa, sai an yanka a tarar da dunƙulen leda a tumbinta. Tun 2014 akwai dokar da ta hana irin wannan leda maras kauri a Nijar, ko da yake kasuwa cike take da ita. Har mu samu abin da ya fi ta, mai sayarwa ta rataya ɗan buhu a jikin kula, ta ce wa yara su jefa a ciki, wanda ya tara ashirin a ba shi ƙulli ɗaya. Mun gwada a ƙofar lakwal, yaran har faɗa suke yi wajen tsinta. Na biyu, talla. Ribar tukunya guda ba ta kai a fitar da yarinya daga aji ba. A ƙungiyarmu mun ce tallan ƙanƙara sai bayan an tashi, ko kuwa babba ta zauna da kula a ƙofar gida ko bakin lakwal lokacin hutun rana, ai nan masu sayen suke.

Masu son ganin na gishirin da idonsu, za mu yi shi a gidan shugaba bayan zubin da za a kaɗa ƙuri'a. Ma'ajiya ta ɗauki nauyin kindirmo, mu za mu kawo zoɓo da gishiri, ana neman wadda za ta aika a sayo ƙanƙarar dutse ta dala 60 da safe, a naɗe ta da buhu da ƙaiƙayi kada ta narke a hanya. Kowace ta zo da cokalinta. Sakatarorin sauran ƙungiyoyi kuma, don Allah ku aiko mana da kuɗin tiyar zoɓo a kasuwanninku na wannan mako, mu haɗa mu buga a fitowa ta gaba tare da maganar ragunan.